Hukuncin Yi Wa Matashin Da Giya Ta Kai Shi Asibiti Gajeriyar Nasiha A Kan Ya Rage Sha

Tambaya

Ni ma'aikaciyar jinya ce, Musulma, ina aiki a sashen agajin gaggawa na wani asibiti a Ingila. Kusan kowane daren Juma'a da na Asabar sai an kawo mana samari da 'yanmata, wasu ba su kai shekara 18 ba: wannan ya faɗi ya fasa kai, wancan an yi faɗa an yanke shi da kwalba, wata kuma ta sha har ba ta san inda kanta yake ba. An horar da mu cewa idan sun dawo hayyacinsu mu zauna da su na 'yan mintuna, mu yi musu tambayoyi a kan shansu, mu taimaka musu su yanke shawarar ragewa. Abin da yake damuna shi ne, na san giya haramun ce, kaɗanta da mai yawanta. Idan na ce wa yaro ya rage, ban halatta masa kaɗan ba ke nan? Wani lokaci ma 'ya'yan Musulmi ne, sai su riƙa roƙona kada iyayensu su ji. Ina son bayani a kan wannan nasiha, ko tana da amfani, da hukuncin aikin da nake yi.

Taƙaitacciyar amsa

Aikinki halal ne, kuma ana fatan ki samu lada a kansa idan kika kyautata niyya. Shari'a tana neman a rage ɓarna a duk inda aka kasa kawar da ita gaba ɗaya, kuma wanda ya janyo mai shan kwalba shida zuwa biyu bai halatta masa biyun ba, ya dai raba shi da huɗu. Sharaɗi shi ne kada ki furta cewa shan kaɗan ba laifi ba ne ko ba ya cutarwa, ki bayyana cewa bari gaba ɗaya shi ne mafi aminci, ki tsare sirrin majinyaci gwargwadon iko, sannan ki miƙa wanda giya ta riga ta kama jikinsa ga likita.

Amsa

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Na farko: Hukuncin giya

Abin da kika sani shi ne daidai. Allah Maɗaukaki Ya haramta giya haramci yankakke a Suratul Ma'ida, aya ta 90 da ta 91, inda Ya sanya ta cikin ƙazantar aikin Shaiɗan, Ya yi umarni da a nisance ta, Ya kuma ambaci cewa tana haifar da gaba da ƙiyayya, tana kange mutum daga ambaton Allah da salla. Ya tabbata a Sahihu Muslim (2003) cewa duk abin da ke sa maye sunansa giya, kuma haramun ne. Abu Dawud (3681) da Tirmizi (1865) sun rawaito cewa abin da mai yawansa ke bugarwa, kaɗansa ma haramun ne. Duk bayanin da zai biyo baya an gina shi ne a kan wannan tushe, babu abin da zai rage daga gare shi.

Na biyu: Mece ce gajeriyar nasiha, kuma don me ake yin ta a sashen gaggawa?

Gajeriyar nasiha tattaunawa ce tsararriya tsakanin ma'aikacin lafiya da majinyaci, wadda kan ɗauki minti 5 zuwa 15, wani lokaci ta kai minti 30 ko 40. Manufarta ita ce mutum ya ga alaƙar da ke tsakanin shansa da abin da ya same shi, sannan ya furta da bakinsa matakin da zai ɗauka. An tsara ta ne domin masu shan da ke jefa su cikin haɗari amma jikinsu bai riga ya kamu ba, kuma mafi yawan matasan da ake kawo muku suna cikin wannan rukuni.

Tushenta yana komawa ga aikin masanin halayyar ɗan Adam ɗan Amurka William Miller, wanda a 1983 ya bayyana salon tattaunawa mai zaburar da niyyar mutum, daga baya shi da Stephen Rollnick suka faɗaɗa shi a 1991. Abin da suka lura da shi shi ne, idan ka matsa wa mashayi da hujjoji, sai ya koma kare shansa, kuma duk lokacin da ya ji kansa yana kare shi sai ya ƙara riƙo da shi. Idan kuwa ka tambaye shi ka saurara, har dalilan barin suka fito daga bakinsa, to ya fi kusa da aiki da su.

An zaɓi sashen gaggawa saboda dalilai bayyanannu. Matashi mai ƙarfi a jika ba ya zuwa asibiti don a duba lafiyarsa, sau da yawa wannan dare shi ne kaɗai haɗuwarsa da ma'aikacin lafiya a shekara. Sannan yana kwance da ɗinki a goshi, tsoro bai sake shi ba, abokan da suka zuga shi sun watse, zuciyarsa a buɗe take fiye da kowane lokaci, kuma da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Saboda haka ne a 2006 ƙungiyar likitocin tiyata ta Amurka ta wajabta wa manyan cibiyoyin kula da masu munanan raunuka su riƙa tantance masu matsalar giya, su kuma yi musu wannan nasiha. A Jamus akwai shiri mai suna HaLT, wanda ya faro a garin Lörrach, inda ma'aikaci ke zuwa bakin gadon yaron da aka kwantar saboda buguwa, ya zauna da shi, ya kuma zauna da iyayensa.

Girman matsalar ba ɓoyayye ba ne. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2024 ya nuna cewa giya ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6 a shekarar 2019. A wurin matasa, cutar ba ta jiran hanta ta lalace bayan shekaru. Takan zo a dare ɗaya, ta hanyar haɗarin mota, faɗa, faɗuwa, nutsewa a ruwa, fyaɗe, shaƙewa da amai, ko kashe kai. Ga shi kuma ɓangaren ƙwaƙwalwa mai auna sakamako da danne son rai bai gama nuna ba sai wajen shekara 25, kuma wanda ya fara sha da ƙuruciya ya fi shiga haɗarin kamuwa idan ya girma.

Na uku: Tambayoyin tantancewa

Kafin nasiha akan fara da 'yan tambayoyi. Mafi shahara su ne tambayoyi 10 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 1989 da sunan AUDIT. Makinsu daga 0 ne zuwa 40, kuma a wurin manya maki 8 ko fiye alama ce ta sha mai haɗari. Saboda ƙarancin lokaci, sashen gaggawa kan taƙaita da ukun farko: sau nawa kake sha, nawa kake sha a ranar da ka sha, kuma sau nawa kake shan mai yawa a zama ɗaya. A wurin yara akan saukar da makin da ke nuna haɗari ƙasa da na manya.

Akwai kuma tambayoyi 6 da aka tsara musamman domin matasa a asibitin yara na Boston, masu suna CRAFFT. Suna tambayar ko ya taɓa shiga motar da mai tuƙinta ya sha, ko shi ne ko wani. Ko yana sha don ya samu natsuwa ko ya saje da abokai. Ko yana sha shi kaɗai. Ko yakan manta abin da ya aikata yana cikin maye. Ko dangi ko abokai sun taɓa ce masa ya rage. Da ko ya taɓa shiga matsala saboda sha. Wanda ya amsa da "e" sau biyu ko fiye yana bukatar a zurfafa bincike a kansa.

Ana ƙirga sha da awo, domin "kofi ɗaya" ba ya nuna komai. Awo ɗaya a Ingila giram 8 ne na tsantsar barasa, a Amurka giram 14, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma tana ƙirgawa da giram 10. Babban kofin giya na mashayar Ingila, mai mililita 568 da ƙarfin kashi 5 cikin 100, ya kusa awo 3. Yaron da ya ce miki kofi huɗu kawai ya sha, ya zuba wa cikinsa fiye da awo 11, alhali hanta ba ta iya sarrafa fiye da kimanin awo ɗaya a awa guda. Yawancinsu ba su taɓa jin wannan lissafi ba, kuma jin sa kaɗai yakan girgiza wasu.

Na huɗu: Yadda zaman yake gudana

Ba a yin sa sai maye ya sake shi, an gama ɗinki, an ba shi maganin zafi, kuma an keɓe shi daga abokai da 'yan rakiya. Tsarin da likitocin gaggawa na Amurka, irin su Edward Bernstein da Gail D'Onofrio, suka yaɗa yana da matakai huɗu.

Matakin farko neman izini: "Ka yarda mu ɗan yi magana na minti biyar a kan abin da ya faru daren jiya?" Idan ya ƙi, a ba shi takardar bayani a ƙyale shi, domin nasihar dole ba ta shiga.

Mataki na biyu gaya masa gaskiya ba tare da zargi ba: ga abin da amsoshinka suka nuna, ga abin da wannan adadi yake yi wa jiki. Sai a tambaye shi: "Kana ganin akwai alaƙa tsakanin shan da ka yi da wannan rauni?" A bar shi ya haɗa da kansa.

Mataki na uku zaburar da niyya. Akan ce masa: "Daga 1 zuwa 10, a ina kake wajen shirin canja wani abu?" Idan ya ce 4, ba a ce masa don me bai kai 8 ba, domin zai jero uzurori. Akan ce: "Me ya sa ka ce 4, ba ka ce 2 ba?" A nan ne zai fara faɗin dalilansa: mahaifiyarsa, karatunsa, ƙwallon da yake bugawa, kunyar da ya ji da ya farka bai san wanda ya kawo shi ba. Aikin ma'aikaci shi ne ya maimaita masa maganarsa don ya ji ta da kunnensa.

Mataki na huɗu ƙulla alkawari ƙarami wanda ake iya aunawa, ya rubuta shi da hannunsa: ba zan shiga motar wanda ya sha ba, wata guda ba zan taɓa ba, zan daina fita da wane da wane ranar Asabar, zan gaya wa yayana. Sai a ba shi lambar wurin da zai samu taimako, kuma idan tsarin asibiti ya tanada, a kira shi a waya bayan 'yan makonni.

Na biyar: Abin da bincike ya nuna game da amfaninta

Amana ta ilimi tana wajabta a faɗi abin yadda yake. Sakamakon bincike a kan matasa gauraye ne.

A 1999 Peter Monti da abokan aikinsa na Jami'ar Brown a Amurka sun wallafa bincike a kan matasa 94 'yan shekara 18 da 19 waɗanda giya ta kai su sashen gaggawa. Bayan wata 6, waɗanda aka yi wa nasihar da waɗanda ba a yi wa ba duk sun rage sha, amma waɗanda aka yi wa sun fi ƙarancin tuƙi cikin maye, da saɓa dokar hanya, da raunukan da giya ke jawowa. A garin Flint na jihar Michigan, binciken da aka wallafa a 2010 a kan matasa 726 'yan shekara 14 zuwa 18 ya nuna raguwar faɗace-faɗace da raguwar matsalolin da sha ke haifarwa. A asibitin St Mary's na Landan, binciken 2004 a kan manya 599 ya nuna waɗanda aka tura wurin ma'aikacin nasiha suna shan kimanin awo 60 a mako bayan wata 6, sauran kuma kimanin awo 83.

A ɗaya gefen, babban gwajin da aka yi a asibitoci da dama na Ingila a kan 'yan shekara 14 zuwa 17, mai suna SIPS Junior, bai samu bambanci ba tsakanin waɗanda aka yi wa tambayoyin tantancewa kawai, da waɗanda aka ƙara musu nasiha baki da baki, da waɗanda aka ba su manhajar waya. Haka nan bitar Cochrane ta 2016, wadda ta tattara gwaje-gwaje 84 a kan matasa, ta kammala da cewa tasirin wannan salo a kan yawan sha ƙarami ne ƙwarai.

Masana sun ambaci dalilan da suke sa kowane ɓangare ya rage: firgicin daren kansa wa'azi ne, tambayoyin tantancewa su ma suna sa mutum ya yi tunani, sannan wanda aka gamu da shi a mafi munin darensa, bisa al'ada zai sauko ko ba a yi masa komai ba. Abin da za a fahimta shi ne, wannan nasiha ba maganin jaraba ba ce, kuma kada ki ɗora wa minti goma nauyin da ba za su iya ɗauka ba. Amfaninta ya fi bayyana wajen rage munanan sakamako, da gano yaron da matsalarsa ta yi zurfi don a miƙa shi inda ya dace. Kuɗinta kaɗan ne, cutarwarta kusan babu, kuma rai ɗaya da ya tsira daga motar bugagge ba ƙaramin abu ba ne a wurin Allah, kamar yadda aya ta 32 ta Suratul Ma'ida ta nuna.

Na shida: Shin cewa "ka rage" halatta kaɗan ne?

A'a. Akwai bambanci tsakanin bayanin hukunci da janye mutum daga ɓarna gwargwadon yadda zai janyu. Ibnul Ƙayyim, Allah Ya yi masa rahama, ya bayyana a littafinsa I'ilamul Muwaƙƙi'ina cewa hani daga mummuna yana da matakai huɗu: ko mummunan ya gushe alheri ya maye gurbinsa, ko ya ragu ko da bai gushe duka ba, ko wani irinsa ya maye gurbinsa, ko wanda ya fi shi muni ya biyo baya. Ya ce biyun farko shari'a ta yi umarni da su, na uku wurin ijtihadi ne, na huɗu kuwa haramun ne. Aikinki yana cikin mataki na biyu, kuma kina fatan ya kai ga na farko.

Malamai sun kafa ƙa'ida cewa abin da ba a samu dukkansa ba, ba a barin abin da ya sawwaƙa daga cikinsa, kuma idan ɓarna biyu suka haɗu akan kauce wa babbar. Yaron da ya ce miki ba zai daina ba, amma ya yarda ba zai ƙara tuƙi bayan ya sha ba, ya rufe ƙofar kashe kansa da kashe bayin Allah a hanya. Da za ki ce masa ko dai ya bari duka ko ki tashi, da ya fita da ɓarnarsa cikakkiya. Zunubin abin da ya ci gaba da sha yana kansa, ladar abin da ya bari ta dalilinki kuma ana fatan kina da rabo a ciki. Ba kya cikin waɗanda aka la'anta a sha'anin giya, irin su mai matsa ta, mai sayar da ita, mai ɗaukar ta da mai shayar da ita, domin su suna kusantar da ita ne, ke kuwa nisantar da ita kike yi.

A nan akwai faɗakarwa. Haramcin giya ya sauka daki-daki: aya ta 219 ta Suratul Baƙara ta ambaci cewa zunubinta ya fi amfaninta, aya ta 43 ta Suratun Nisa'i ta hana kusantar salla cikin maye, sannan ayoyin Ma'ida suka yanke. Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, ta bayyana a Sahihul Bukhari (4993) cewa da hanin giya ne farkon abin da ya sauka, da mutane sun ce ba za su taɓa barin ta ba. Wannan yana karantar da mai nasiha sanin halin zukata. Amma ba hujja ba ce ga Musulmi a yau ya ce zai ci gaba da sha kaɗan-kaɗan har ya shirya, domin hukunci ya riga ya tabbata, tuba kuma wajibi ce nan take. Bin mataki-mataki yana cikin hanyar jan mutum, hukuncin kansa ba ya rabuwa.

Na bakwai: Lafazin da za ki kiyaye

Kada ki ce "wannan adadi ba komai", ko "sha daidai-wa-daida yana da kyau". Wannan ƙarya ce a shari'a, kuma ilimin likitanci bai goyi bayanta ba: a farkon 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadin giya da za a ce ba ya cutar da lafiya, kuma tun 2009 babban jami'in lafiya na Ingila ya ba da shawarar cewa ƙuruciyar da babu giya a cikinta ita ce mafi lafiya. Ashe a wurin yaran da kike gani, shawarar likita da hukuncin shari'a sun haɗu a wuri ɗaya. Kina iya cewa: "Mafi aminci gare ka shi ne ka bari gaba ɗaya. Idan ba ka kai nan ba tukuna, duk abin da ka rage ya rage maka haɗari. Daga ina za ka fara?" Idan aiki ya sa ki ambaci adadin da hukuma ta ƙayyade wa manya, ki ambace shi a matsayin iyakar da haɗari ke ƙaruwa bayanta, ki jingina shi ga hukumar.

Ba a neman ki mayar da bakin gado mumbari. Ƙa'idar aikin jinya a Birtaniya ta hana ma'aikaci cusa wa majinyaci aƙidarsa, kuma Musulmi mai cika alkawarin da ya ƙulla ne, kamar yadda farkon Suratul Ma'ida ya yi umarni. Kyautata wa wanda ba Musulmi ba ta hanyar tsare lafiyarsa aikin lada ne, aya ta 8 ta Suratul Mumtahana ta buɗe wannan ƙofa. Idan kuwa yaro Musulmi ne ya buɗe zancen addini da kansa, ya ce ya ji kunyar Allah, ko ya ce shi kam ya halaka, to ki amsa masa da gaskiya a taƙaice: abin haramun ne, ƙofar tuba kuma a buɗe take, Allah Ya hana yanke ƙauna daga rahamarSa a aya ta 53 ta Suratuz Zumar. Sai ki tambaye shi ko yana son a haɗa shi da limamin asibiti.

Na takwas: Tausasawa

Abin da masu bincike suka gano, cewa kunyatarwa tana ƙara taurin kai, Sunna ta riga ta karantar da shi. Bukhari (6780) ya rawaito labarin wani sahabi da ake yawan kawo shi saboda shan giya. Wata rana wani ya la'ance shi saboda yawan kawo shin da ake yi, sai Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana la'antarsa, ya kuma shaida cewa mutumin yana son Allah da ManzonSa. A wani hadisin na Abu Huraira (6777), da wasu suka yi wa wani mashayi addu'ar tozarta, sai ya hana su taimaka wa Shaiɗan a kansa. Wannan fa bayan an tsayar masa da haddi ne, a gaban shugaban da ke da ikon hukunci. To ina ga ma'aikaciyar jinya, wadda ba alƙali ba ce, aikinta magani ne?

Yaron da ya ga ƙyama a fuskarki zai rufe bakinsa, ya ce kofi ɗaya ya sha, ya fita bai ƙaru da komai ba. Wanda aka wulaƙanta a asibiti kuma, ranar da abokinsa ya faɗi sumamme zai yi jinkirin kiran motar asibiti, kuma a irin wannan jinkiri ake rasa rai.

Na tara: Sirri da iyaye

Asali shi ne suturta Musulmi, kamar yadda ya tabbata a Sahihu Muslim (2699), kuma abin da majinyaci ya gaya wa ma'aikacin lafiya amana ne. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Brunei a 1993, ta tabbatar da wajabcin tsare sirrin majinyaci, ta kuma keɓe wuraren da ɓoyewa ta fi bayyanawa cutarwa. Saboda haka haramun ne ki kai labarin ɗan wane cikin jama'ar masallaci ko zauren mata, ko da da sunan neman addu'a ne.

Amma kada ki yi alkawarin da ba za ki iya cikawa ba. Tun farkon zama ki gaya masa cewa maganarsa sirri ce, sai fa idan akwai haɗari ga ransa ko ran wani, kamar tunanin kashe kai, ko wani babba da ke ba shi giya yana lalata da shi. Ƙaramin yaro kuma galibi ba a sallamarsa sai a hannun babba, a nan sai ki bi tsarin asibitinku. Mafi kyau shi ne ki ƙarfafa shi ya gaya wa iyayensa da kansa, ko ya zaɓi wanda ya fi sauƙin kai a gidan, ki kuma yi tayin zama tare da su lokacin da zai faɗa. Idan ya nuna tsoron za a cutar da shi a gida, ki sanar da masu kula da kare yara na asibitin.

Na goma: Wanda gajeriyar nasiha ba ta ishe shi ba

Idan matashi yana sha kullum, ko hannunsa na rawa da safe sai ya sha ya daina, ko ya sha yunƙurin bari ya kasa, to jikinsa ya kamu. Irin wannan ba a ce masa ya yanke a gida shi kaɗai, domin yankewa farat ɗaya tana iya kawo rawar jiki da zufa cikin awa 6 zuwa 24, da jijjiga kamar ta farfaɗiya cikin kwana biyun farko, da ruɗewa da gane-gane a kwana na biyu zuwa na huɗu, kuma wannan na ƙarshe yana iya kisa. Likita yana da magunguna halal da ke tsare shi daga haka, tare da sinadarin bitamin B1 don kare ƙwaƙwalwa. Tubar irin wannan mutum ita ce ya yi nadama, ya ƙudurta bari, ya miƙa kansa ga likita ba tare da jinkiri ba. Giya kanta ba magani ba ce, cuta ce, kamar yadda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya amsa wa Ɗariƙ bin Suwaid a Sahihu Muslim (1984). Haka nan wanda ke haɗa giya da ƙwayoyi, ko mai ciwon damuwa, ko mace mai ciki, duk suna bukatar a miƙa su ga ƙwararru.

Na goma sha ɗaya: Nasiha ga iyaye da 'yan'uwa

Wannan bayani ba na ma'aikatan asibiti kaɗai ba ne, domin jarrabawar tana iya shiga kowane gida, a Turai ko a ƙasashenmu, da giya ko da tiramadol da kodin. Wanda ya samu ɗansa ko ƙanensa a buge ba ya farkawa, ko numfashinsa ya yi ƙasa, ko jikinsa ya yi sanyi, to ya kwantar da shi a kan gefensa don kada amai ya shaƙe shi, kada ya bar shi shi kaɗai, kada ya ɗura masa komai, ya gaggauta kai shi asibiti, ya kuma gaya wa likita gaskiyar abin da ya sha. Shayi mai kauri da wanka da ruwan sanyi ba sa fitar da barasa daga jini. Tsoron abin da mutane za su ce ba uzuri ba ne na barin rai ya salwanta.

Idan gari ya waye ya dawo hayyacinsa, uba ya zauna da shi su biyu, ya fara da tambaya kafin hukunci, ya saurara fiye da yadda zai yi magana, ya gaya masa haramcin abin da girman haɗarinsa a fili, sannan su ƙulla mataki ɗaya da za a fara da shi yau. Korar yaro daga gida tana miƙa shi ne ga waɗanda suka koya masa. A canja masa abokai, a cika masa lokacinsa, a ja shi zuwa sallar jam'i, a yawaita yi masa addu'ar shiriya, kuma idan ya sake faɗuwa a sake ɗaga shi.

Muna roƙon Allah Ya saka miki da alheri a kan wannan damuwa da kika nuna, Ya sanya albarka a harshenki, Ya shiryi matasan Musulmi, Ya tsare su daga abin da ke gusar da hankali.

Allah ne Mafi sani.